Jar Ƙasa a Cikin Layar Matuƙin Jirgi

A bayan garinmu, daidai inda kanal ya yi kwana ya nufi Bunkure, akwai wani ɗan ɗakin ƙasa mai ƙofar langa-langa a gindin tsamiya. Hubbaren wani waliyyi ne da ya rasu tun kafin a haifi kakan kakana. Mu ba jininsa ba ne, masu shara ne kawai. Kakana ya share, Baba ya share, yanzu makullin yana cikin jakata tare da alli da jan biro, domin ni malamar firamare ce a Kura.

Labarin da muka taso muka ji shi ne, Allah ya naɗe wa bawan nan nasa ƙasa. Wai yakan yi sallar asuba a nan, ya yi Juma'a a Makka, ya dawo ya tarar da abincinsa bai huce ba. Ni ban gani ba, faɗa mini aka yi. Saboda wannan labari ne matafiya suka riƙe shi. Direbobin da ke kwasar tumatir da albasa zuwa kudu sukan biyo kafin su ɗau hanya. Sai Baba ya cire takalmi ya shiga, ya tsakuro farin rairayin da ke shimfiɗe a wajen kan kabarin da yatsu uku, ya naɗe a takarda, a kai wa baduku ya ɗinke da fata. Ƙa'idar abin ba ta da yawa. Mai shara ne kaɗai ke ɗibar ƙasar, ba a buɗe layar ko da wasa, kuma duk shekara ana sabuntawa, a binne tsohuwar a gindin tsamiya yadda take a ɗinke.

Ɗan goggona a gidanmu ya tashi. Mahaifinsa ya rasu yana goye, Baba ya ɗauko shi da uwarsa ya ba su ɗaki. Taubashina ne, abokin wasana, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ni in ce masa mai kan gwanda, shi ya ce mini baiwarsa. Kwano ɗaya muka ci, bulala ɗaya muka sha.

A lokacin, duk sa'ad da shinkafa ta fara nuna, jan-baki kan sauko mana. Wanda bai taɓa ganin tsuntsayen nan ba zai ɗauka ƙari nake yi, amma garke ɗaya kan rufe rana, kuma kafin ka gama buga gwangwani sun mayar da gona kara. Sai a turo ƙaramin jirgin feshi. An share masa wani dogon fili a can gefen gonaki aka zuba jan burji, nan yake sauka ya sha mai. Taubashina ya mayar da filin nan gidansu. Wata rana matuƙin, wani Kirista mai fara'a, ya ɗaga shi ya leƙa ciki, ya ga wani ɗan ƙarfe mai hoton mutum yana reto a gaban gilashi. Ya tambaya, matuƙin ya ce waliyyin matuƙa jirgi ne a addininsu, ba ya tashi sai da shi.

Da gudu ya dawo gida. Ya ce, "Kawu, ashe su ma masu jirgi suna da waliyyinsu."

Baba ya yi dariya har ya ajiye carbi. Ya ce, "To ai namu ya riga nasu tashi sama, ɗana."

Maganar nan ce ta shiga kansa ba ta fita ba. Baba ne ya yi ta kai shi makaranta a bayan keke, shi ya yi ta zirga-zirga da takardunsa har aka ɗauke shi koyon tuƙin jirgi. Ranar da zai fara tashi shi kaɗai, Baba ya yi azumi. Da ya dawo da farar riga mai ratsi a kafaɗa, na canza masa suna, na koma kiransa direban sama. Lokacin jan-baki yana feshi da jirgi mai kujera ɗaya. Sauran watanni kuma yana tuƙa wani mai kujera huɗu, yana kai masu hali ziyara hubbarori na nesa, musamman in watan Mauludi ya kama. Bai taɓa tashi ba laya a aljihun ƙirjinsa ba. Har abokan aikinsa ya riƙa jawowa, suka fara ce wa bawan Allahn nan waliyyin 'yan sama. Baba yana jin daɗin sunan, ko da yake yakan ce a yi a hankali, Allah ne mai riƙewa.

Buri ɗaya Baba yake da shi a duniya, kuma kowa a gidanmu ya san shi. Malamin da ya karantar da waliyyinmu yana kwance can yamma mai nisa, kusa da iyaka. Duk wanda ya riƙe tsintsiyar hubbarenmu yakan je can sau ɗaya a rayuwarsa, ya share wancan kabarin, ya dawo. Kakana da ƙafa ya je. Baba ya yi ta ɗagawa, bana noma, baɗi auren wance, har tsufa ya kama shi da ciwon baya da ciwon fitsari. Ba ya iya zaman mota ko daga nan zuwa Garun Mallam ba a tsaya masa ba. Sai taubashina ya durƙusa a gabansa, ina wurin, ya ce, "Kawu, ni zan kai ka. Awa biyu ne a sama. Akwai wani Alhaji mai injin shinkafa da zan kai, kujera ɗaya taka ce."

Ban taɓa ganin Baba ya yi rawar jiki irin ta satin nan ba. Ya yi aski. Ya sa na wanke masa farar babbar rigarsa, na sa mata shuni, na kai aka buge. Ya aika kasuwar Bunkure aka sayo sabuwar tsintsiyar kaba, ya zauna ya gyara bakinta da wuƙa, ya ɗaure ƙugunta da tsumma mai tsabta. Da ita zai share kabarin malamin.

Da hantsi muka isa filin a adaidaita, ni da shi. Zafin bazara ne, filin nan kuwa ko kargo babu, sai wasu durom-durom na mai da aka jere a gefe. Baba ya miƙa wa taubashina sabuwar layar shekarar da hannu biyu, ya yi masa addu'a. Can sai ga motar Alhaji. Ya fito shi da ƙaninsa, aka buɗe but aka sauke buhu biyu na shinkafa, wai hadiyya ce za a kai wa masu hidimar hubbaren can.

Na ga taubashina ya dubi buhunan, ya dubi Baba, ya ciro wata 'yar takarda ya yi rubuce-rubuce. Ya matsa kusa da Alhaji suka yi ƙus-ƙus. Alhaji ya girgiza kai, ya nuna buhunan da makullin mota. Shi ke nan. Sai ga direban sama ya nufo mu yana murmushi.

Ya ce, "Kawu, jirgi yana da iyakar nauyin da yake ɗauka. Ka ɗan jira ni, in sauke su in juyo in ɗauke ka. Kafin azahar na dawo."

Baba ya ce, "To, ɗana. Allah ya kiyaye hanya."

Da idona na ga an cusa buhu ɗaya a baya, an ɗora ɗayan a kan kujerar Baba. Taubashina ya sunkuya ya ja bel ya ɗaure buhun, ya jijjiga shi ya tabbatar ya zauna daidai. Wallahi har yau in na ga buhun shinkafa a gaban mota sai in kau da kai.

Na ce wa Baba mu koma gida, in ya dawo ya kira mu. Ya ce a'a, kada yaro ya sauko ya rasa shi, man jirgi ba abin wasa ba ne. Ya tattare farar rigar nan ya zauna a kan jan burji, ya jingina da wani durom, tsintsiya a kan cinya. Rana ta take. Ciwonsa kuwa ba ya jira, kowane ɗan lokaci sai ya dafa ni ya miƙe, ya zagaya bayan durom da buta, ni kuma in juya baya. Dattijon da ko tari ba ya yi da ƙarfi a gaban 'ya'yansa. Muka yi azahar a wurin. Duk ƙarar da ya ji, ko ta injin ban ruwa ce, sai ya ɗaga kai sama.

Sai bayan la'asar wayata ta yi ƙara, taubashina ne. Ya ce, "Taubashiya, Alhaji ya ce kwana za su yi. Ki ce wa Kawu gobe." Ko a ba shi Kawun su gaisa bai ce ba.

Washegari Baba ya sake sa rigar, jar ƙasa ta riga ta ɓata mata baya, muka koma. Wannan karon ko wayar ba a yi ba, ni na kira, ya ce sun dawo Kano, an ba shi wani aikin, amma gobe in sha Allahu. Rana ta uku ma muka je. Da la'asar ta yi Baba ya miƙe da kansa, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Yaron nan aiki ya yi masa yawa. Mu tafi." Bai ƙara tayar da zancen ba. Ya rataye tsintsiyar a bayan ƙofar hubbarenmu, bai taɓa shara da ita ba. Ruwan farko na daminar nan ya sauka ne a kan kabarin Baba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Baba bai taɓa faɗin kalma ɗaya marar daɗi a kan yaron nan ba. Da ya zage shi, da na huce. Tun da ya tafi bai yi fushi ba, sai na ɗauki fushin na riƙe masa.

Yayyena maza biyu sun daɗe da bin masu wa'azin da ke cewa ɗibar ƙasar kabari shirka ce. Ranar sadakar bakwai babban ya ajiye makullin a kan tabarma ya ce duk mai so ya ɗauka. Na ɗauka. Ba zan ce na fi su imani da abin ba, ni dai ba na son ganin gizo-gizo a inda Baba ya yi shekaru yana durƙuso.

Taubashina ya zo gaisuwa, ya yi kuka sosai, har mutane suna ba shi haƙuri. Da lokacin sabunta laya ya zagayo, sai ga shi a ƙofar gidana da ledar lemo, yana cewa, "Baiwata, ashe yanzu a hannunki nake." Na yi dariya na ce masa mai kan gwanda, ya dawo jibi.

Da ya tafi na hau babur ɗin haya zuwa filin jirgi. Durom ɗin yana nan inda yake. Na tsuguna daidai inda Baba ya zauna, na tsakuro jar ƙasa da yatsu uku, na naɗe a takarda na liƙe, na kai wa baduku. Bai tambaye ni ba, don ba a tambaya. Da ranar ta zo na miƙa wa taubashina da hannu biyu, yadda Baba yake yi. Ya sumbace ta ya sa a aljihun ƙirji.

Bari in faɗi gaskiya, tunda na zauna rubutawa. So nake ya faɗo. Ba tsoratar da shi na yi niyya ba, ba darasi na so koya masa ba. Na cire masa abin da na ɗauka shi ke riƙe shi a sama, na zauna ina jira. Duk da haka in ina cikin aji na ji ƙarar jirgin feshi ya sauko ƙasa-ƙasa a kan gonaki, sai alli ya tsaya a hannuna, in tuna yana da 'ya'ya huɗu, babbar ma sunan mahaifiyata aka sa mata. In ƙarar ta wuce lafiya kuma sai in ji haushi. Haka na yi shekara shida, kowace shekara ina komawa gefen durom ɗin nan, kowace shekara yana binne jar ƙasa a gindin tsamiya yana shafa addu'a.

A shekara ta shida ya kusa faɗowar. Yana feshi a wajen Kura garken jan-baki ya tashi ya rufe shi, injin ya shaƙe ya mutu. Ya lallaɓa jirgin ya wuce ta ƙarƙashin wayar lantarki, ya kwantar da shi a cikin wata gonar shinkafa mai ruwa. Fuka-fukin ya karye, shi kuwa ko ƙwarzane. Mutanen da suka ruga suka same shi tsaye cikin taɓo, hannunsa dafe da aljihun ƙirji.

Sati biyu bayan haka ya yanka rago a gindin tsamiya. Ya tara malamai da manoma, ya zo da wasu matasan matuƙa uku da ke son a ɗebar musu ƙasa. Aka kira ni daga wajen mata don a yi wa mai shara godiya. Na tsaya daga gefe da mayafina. Yana ta ba su labarin waliyyi, da Juma'a a Makka, da yadda Kawunsa ya raine shi. Da ya tsaya nan, wataƙila da na ci gaba da ɗinka masa jar ƙasa har ɗayanmu ya mutu. Sai ɗaya daga cikin matasan ya tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar tsohon a jirgi.

Ya ce, "Ai na yi na yi da shi in kai shi ziyara. Har filin jirgi ya zo. Ka san tsofaffinmu, da ya ga jirgin sai tsoro ya kama shi."

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa tsoho ce don ƙauna, amma ni ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Mutumin da ya yi kwana uku a rana yana kallon sama, shi ne yau matsoraci.

Na ce, "Direban sama, ba ni layar nan."

Ya ɗauka wasan taubasai ne, ya ciro ya miƙo yana dariya. Na karɓi wuƙar da aka feɗe ragon daga hannun mahauci. Da ya ga na sa bakinta a jikin ɗinkin sai ya miƙe tsaye.

Ya ce, "Ke, ba a buɗewa."

Na ce, "Ni ce mai shara. Kawo hannunka."

Na farke fatar, na warware takardar, na juye masa a tafin hannu. Duk wanda ke wurin ya san rairayin hubbare fari ne sol. Kuma duk yankinmu ƙasar fadama ce baƙa, wuri ɗaya ne tak ake da ja irin wannan, kuma babu wanda ya kai shi sanin wurin. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

A hankali ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce, "Tun da Baba ya rasu. Daga gefen durom ɗin da ya jingina nake ɗebo maka. Ka gaya musu wane ne ya hau kujerarsa ranar nan."

Bai gaya musu ba, ni na gaya musu, har da bel ɗin. Babu wanda ya ƙara taɓa naman. Wani malami ya ce mini in ji tsoron Allah, na ce ina ji, shi ya sa na faɗi gaskiya yau. Matasan nan uku suka sulale suka shiga mota, ba su karɓi komai ba.

Tun daga ranar bai sake tashi ba. Matarsa ce ta zo ta same ni, ta ce yakan shiga jirgi ya zauna, ya kunna, sai ya kasa tashi, ya kashe ya fito. Likita ya duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta kama ƙafata tana kuka, ta ce, "Yaya, ki dubi yaran nan." Na ɗaga ta, na ba ta ruwa, na sa mata albasa a leda. Da jan-baki suka dawo aka rasa mai feshi da wuri, sai da aka nemo wani daga nesa, kafin ya iso sun cinye rabin 'yar gonata. Na tsaya a kan kunya na kalli karan, ban ji komai ba.

Na san abin da zai warkar da shi, kuma ba ƙasa ba ce. Shekara shida yana yawo a sama da burjin da kowa ke takawa, ya shiga ƙarƙashin wayar lantarki da shi ya fito. Ko ɗan aji uku zai gane wanda ya riƙe shi. Da zan zaunar da shi in ce masa, mai kan gwanda, Allah ne da hannunka, kamar yadda Baba yake faɗa, na tabbata daga bakina zai ji. Ban faɗa masa ba.

Da bazara ta zagayo sai na fito da hantsi zan tafi makaranta, na same shi a ƙofar hubbare. Ya rame, ba farar riga mai ratsi, sai wata tsohuwar kaftani. Bai ce mini baiwarsa ba. Ya ce, "Na zo ki ɗebar mini ta gaskiyar."

Na ce, "Jira ni, in je in dawo."

Akwai inuwar tsamiya, ga tabarmar masu ziyara a jingine. Da na dawo bayan la'asar na tarar bai shiga inuwar ba, yana zaune a rana a kan ƙasa, leɓɓansa sun bushe. Na gane ya gane. Na buɗe ƙofa na cire takalmi, na sauko da tsintsiyar nan daga bayan ƙofa, na dube ta, na mayar. Na yi shara da tsohuwar. Na fito hannuna babu komai, na kulle.

Na ce, "Gobe."

Ya dawo washegari, na ce masa gobe. A rana ta uku na ga ya zo da ɗan haske a fuska, ina jin ya lissafa kwanakin Baba ya ɗauka bashin rana uku ne kawai. Da na fito na fara murza makulli a kwaɗo sai ya taso ya dafa bango.

Ya ce, "Taubashiya, don girman Allah, sai yaushe?"

Na ce, "Ranar da Baba ya je ziyara."

Na jefa makullin a jaka, na bi bakin kanal na tafi gida, don ban yi la'asar ba tukuna.